Idan ambaliya ta ci gona: tallafi daban, diyya daban

Manoma da yawa a Katsina da Daura suna ɗauka cewa duk wanda ruwa ya ci gonarsa yana bin gwamnati bashi. Doka ba ta ce haka ba. Dokar da ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, a 1999 ta ɗora mata kai agaji ga waɗanda iftila'i ya afka wa, tare da haɗin gwiwar jihohi, amma ba ta yanka wa manomi ko sisi a kan kowace hekta ba. Abin da ke zuwa tallafi ne na rage raɗaɗi: iri, taki, maganin feshi, hatsi, wani lokaci kuɗi ta asusun banki.

Kuma tallafin nan jerin sunaye yake bi. Wanda ba a rubuta shi ranar tantancewa ba, da wuya ya samu daga baya. Saboda haka da zarar ɓarna ta auku, a sanar da mai unguwa ko dagaci da malamin gona na yankin, su kai maganar ƙaramar hukuma. Daga can rahoto ke isa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, ita kuma ta nemi hannun NEMA idan abin ya fi ƙarfinta. Kada a yi gaggawar share gonar ko sake shuka kafin jami'ai su gani da idonsu. Idan damina ba za ta jira ba, a ɗauki hotuna da waya tun ruwan na kwance, a rubuta rana, da girman gonar, da abin da aka shuka, gero ne, dawa ko masara.

Wurin da aka fi yin asara shi ne suna. Mutum ya rubuta Malam Ɗanladi a jerin, alhali BVN ɗinsa da katin NIN wani suna suke ɗauke da shi, sai kuɗi su ƙi shiga. Haka asusun da aka daɗe ba a taɓa ba, ko layin wayar da aka jefar. Akwai kuma gonar aro, haya ko jingina: sau da yawa sunan mai ƙasa ake rubutawa, wanda ya zuba taki da guminsa ya tashi a tutar babu. Wannan zalunci ne, kuma shaidar mai unguwa da maƙwabtan gona tun ranar farko ce ke hana shi. Rubuta suna ba ya bukatar kuɗin fom, kuma babu jami'in da ya kamata ya nemi lambar sirrin katin cirar kuɗinka.

Diyya ta gaskiya tana wajen inshora. Kamfanin inshorar noma na gwamnatin tarayya, wato NAIC, ƙarƙashin dokarsa ta 1993, yana biyan asarar ambaliya, fari, gobara, iska da ƙwari, kuma dokar ta ɗora wa gwamnati rabin kuɗin inshorar: tarayya kashi 37.5 cikin 100, jiha 12.5. Sharaɗin shi ne a yi rajista kafin ɓarna. Wanda ya karɓi rancen noma a banki ya duba takardunsa, domin mai yiwuwa an riga an cire masa kuɗin inshorar bai sani ba. Idan haka ne, ya sanar da bankin da NAIC a rubuce cikin wa'adin da takardar ta ambata, ya riƙe kwafi guda mai hatimi.