Jirgi maras matuƙi

Jirgi maras matuƙi na'ura ce da ke tashi sama ba tare da mutum a cikinta ba. Ko dai wani ya sarrafa shi daga ƙasa ta hanyar rediyo, ko kuwa kwamfutar da ke cikinsa ta bi hanyar da aka shata mata tun kafin ya tashi. A unguwannin zango na Accra da Kumasi an fi kiran sa diron, kalmar da aka aro daga Turanci, wadda asalinta sunan namijin ƙudan zuma ne. Akwai wanda bai wuce tafin hannu ba, akwai kuma na soja wanda faɗin fukafukansa ya kai mita 20. Don yaƙi aka fara ƙera shi, amma a Ghana ya fi yin suna wajen kai jini da magani asibitocin karkara.

Iri da yadda yake aiki

Iri biyu aka fi sani. Mai farfela huɗu ko fiye yana tashi tsaye, yana iya tsayawa cak a wuri ɗaya, sai dai batirinsa ba ya daɗewa, galibi kimanin rabin awa. Mai fukafuki kuwa ya fi cin dogon zango amma ba ya tsayawa. Abin da ya karya farashinsu shi ne wayar hannu: batirin litiyom, da ƙaramar kyamara, da GPS mai nuna wurin da abu yake, da na'urar da ke gane karkata, duk an yi ta ƙera su da yawa saboda wayoyi har suka yi araha.

Tarihi

Masu rubuta tarihi sukan fara da shekarar 1849, lokacin da sojojin Austriya suka saki balan-balan ɗauke da bama-bamai a kan birnin Venice. Iska ta karkatar da yawancinsu, kuma ba kowa ya yarda a lissafa su cikin jirage ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, injiniya Archibald Low ya gwada jirgin da ake juyawa da rediyo a Ingila a 1917, Amurka kuma ta ƙera wani mai suna Kettering Bug a 1918. Yaƙin ya ƙare ba a kai ko ɗaya fagen daga ba.

Wajejen 1935 sojojin Ingila suka fara amfani da wani jirgi mai suna Queen Bee, wato sarauniyar ƙudan zuma, domin masu harbo jirage su riƙa koyon saiti a kansa. Ana kyautata zaton daga wannan suna ne kalmar diron ta samo tushe. Shekaru da dama aikin irin waɗannan jirage ke nan: a tashe su, a harbe su. A yaƙin Biyetnam ne suka koma leƙen asiri, inda jiragen kamfanin Ryan na Amurka suka yi sawu fiye da 3,000 suna ɗaukar hotuna. A 1982 Isra'ila ta yi amfani da su a kwarin Bekaa na Labanan wajen gano inda Siriya ta girke makamanta na kakkaɓo jirage, kuma daga nan ne manyan rundunoni suka fara ɗaukar abin da muhimmanci.

Jirgin Predator na Amurka ya fara tashi a 1994. A 2001 aka ɗaura masa makami mai linzami, aka kai hari da shi a Afganistan a ƙarshen shekarar, sannan a Yaman a 2002. Ta ɓangaren farar hula kuwa, kamfanin DJI da aka kafa a Shenzhen ta Sin a 2006 ya fitar da Phantom a 2013, jirgin da mai ɗaukar hoto zai saya, ya buɗe kwali, ya tashe shi a ranar.

A fagen yaƙi

Jirgin Bayraktar TB2 na Turkiyya ya yi suna a yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020 tsakanin Azabaijan da Armeniya, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso da Togo duk sun saye shi. A yaƙin Rasha da Yukiren, tun daga 2022, ƙananan jirage masu arha da ake ɗaura wa bam sun zama makamin yau da kullum na ɓangarorin biyu. Amurka ta gina sansanin irin waɗannan jirage a Agadas a kan kuɗi kimanin dala miliyan 110, ya fara aiki a 2019, ta kuma fice daga cikinsa a 2024 bayan sojojin da suka karɓi mulki a Nijar sun nemi ta tafi.

A daren 3 ga Disamba 2023, jirgin rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Hukumomi sun ce mutum 85 suka rasu, ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ce adadin ya fi haka, rundunar kuma ta ce kuskure ne. Labarin ya taɓa mutanen zango ƙwarai, domin gidaje da yawa a Nima ta Accra da Aboabo ta Kumasi suna da dangi a arewacin Najeriya, kuma Mauludi taro ne da su ma suke raya dare a kansa.

Jigilar jini da magani a Ghana

Kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai jini da jirage a Ruwanda a Oktoban 2016. A Disamban 2018 majalisar dokokin Ghana ta amince da kwangilarsa ta shekara huɗu, ta kimanin dala miliyan 12.5, da ƙuri'a 102 a kan 58. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta nuna adawa a lokacin, tana cewa ƙarancin ma'aikata da kayan aiki ya fi gaggawa. A ranar 24 ga Afrilu 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya buɗe cibiya ta farko a Omenako kusa da Suhum, kimanin kilomita 70 arewa da Accra. Daga baya aka buɗe ta Mpanya a yankin Asante Mampong, arewa maso gabas da Kumasi, da ta Vobsi kusa da Walewale, da ta Sefwi Wiawso, sannan Anum da Kete Krachi.

Tsarin aikin ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti takan aika saƙo ta waya cewa ga mace tana zubar da jini bayan haihuwa, ko ga manomi maciji ya sare shi. A cibiya sai a ɗauko ledar jini ko maganin dafi daga firji, a sa a ƙaramin jan kwali, a cusa a cikin jirgin. Wata na'ura mai kama da gwafa ce ke cilla shi sama. Yana gudun kimanin kilomita 100 a awa, yana ɗaukar kayan da ba su kai kilo 2 ba, kuma yana iya zuwa wurin da ke da nisan kilomita 80 ya dawo. Idan ya isa ba ya sauka: cikinsa ke buɗewa, kwalin ya sauko a hankali da 'yar lemar takarda ya faɗi a harabar asibiti. Da ya koma gida, wata igiya da aka miƙe tsakanin turaku biyu ce ke cafke ƙugiyar da ke wutsiyarsa. Duk wanda ya san hanyoyin karkara da damina, inda mota kan kwana a laka, ya san darajar tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

A Afrilun 2020, lokacin korona, jiragen sun riƙa kwaso samfurin gwaji daga karkara zuwa cibiyoyin binciken cututtuka na Noguchi a Accra da KCCR a Kumasi. Ranar 24 ga Fabrairu 2021 Ghana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi rigakafin korona ta shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashen duniya, allurai 600,000, kuma an raba wani kaso nasu ta sama. A 2022 kamfanin ya fara irin wannan aiki a jihar Kaduna. Muhawara a kan tsadar kwangilar da wanda ya kamata ya biya ba ta ƙare ba a Ghana.

Noma

Japan ce ta riga kowa: tun wajejen ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Yamaha ke ƙera ƙananan jirage masu saukar ungulu don feshin shinkafa. DJI ya fitar da Agras mai tankin lita 10 a 2015, na baya-bayan nan kuma suna ɗaukar lita 40 ko fiye. A Ghana buƙatar feshi ta ƙaru bayan tsutsar nan mai cinye masara ta bazu a gonaki a 2017. Amfaninsa a fili yake, domin mai goya famfon feshi a baya yana shaƙar magani yana kuma tattake shuka. Sai dai ƙaramin manomi ba ya iya sayen jirgin, haya ake yi masa a kan kowace eka. Ya fi dacewa da shinkafa da masara. A gonar koko kuwa 'ya'yan suna jikin kututture ne a ƙarƙashin ganye, feshin sama ba ya isa gare su sosai.

Galamsey

Hukumomi na amfani da jiragen wajen ɗaukar hoton ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya, a bakin kogunan Pra da Offin da Ankobra.

A unguwannin zango

Mafi yawan mutanen Nima da Maamobi da Asawase a wurin biki suka fara ganin sa ido da ido. Masu ɗaukar bidiyo kan tashe shi lokacin ɗaurin aure ko rakiyar amarya, yara su bar kallon ango su bi shi da gudu suna ɗaga kai. Hotunan sahun sallar Idi da na babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Accra, wanda aka buɗe a 2021, da yawansu daga sama aka ɗauke su. Yana kuma da abin da ke damun mutane: gidajen zango a cunkushe suke, tsakar gida a buɗe take, a nan mata ke girki da wanki, wasu banɗakunan ma ba su da rufi. Kyamarar da aka tashe don biki ɗaya tana iya leƙa gida goma.

Doka

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana ta wajabta yin rajistar kowane jirgi maras matuƙi, kuma mai aikin kuɗi da shi sai ya nemi izini. Ba a yarda a wuce tsayin ƙafa 400 ba, wato kimanin mita 120, ba a kuma tashi kusa da filin jirgin sama sai da izini na musamman. Wannan sharaɗi ya shafi masu ɗaukar hoto a Nima da Maamobi kai tsaye, domin unguwannin ba su da nisa da filin jirgin saman Accra.