Wai mene ne wannan "aksen" da ake ta caccakar 'yan fim a kansa?

Kwanan nan duk inda aka ɗauko hirar fim ɗin tarihin Ayaland sai ka ji an ce "aksen ɗin wane bai yi ba", har wasu na fassara shi da karin harshe, kuma nan ne abin ke ci min rai. Aksen fa lafazi ne kawai, yadda sauti ke fita a baki da hawa da saukar murya. Karin harshe ya fi haka faɗi, har da kalmomi da ginin jimla, kamar dai Basakkwace ya ce "shina zuwa" Bakano ya ce "yana zuwa".

To amma babbar matsalar ita ce masu yanke hukuncin sun ɗauka lafazin Ayaland guda ɗaya ne, alhali mutumin birnin Dublin da na Belfast a arewa da na Cork a kudu kowa da bakinsa. Ku duba fim ɗin 1996 da aka yi a kan Michael Collins, jagoran gwagwarmayar 'yanci da aka haifa a yammacin Cork a 1890 aka kashe shi a 1922. Liam Neeson ne ya fito a matsayinsa, kuma shi ɗan Ballymena ne can arewa, inda Turancinsu ya gauraya da na 'yan Sikotland da aka fara tsugunarwa tun 1609, su kuwa mutanen Cork maganarsu tashi take tana sauka kamar ana rera waƙa, ka ga kenan shi ma aro ya yi, amma da yake ɗan ƙasa ne sai aka fi yin ca a kan Julia Roberts, Ba'amurkiyar da ita ma ta fito a fim ɗin. Ban ce nata ya yi ba, amma gaskiya ma'auni ɗaya ya kamata a auna kowa da shi.

Sannan ga batun zamani. In fim ɗin na lokacin yunwar da ta fara a 1845 ne, talakawan yammacin Ayaland da yawa ba ma Turanci suke yi ba, harshensu na Gelik suke yi, kuma na'urar ɗauka da maido da murya sai 1877 Edison ya ƙirƙiro ta, to da muryar wa kake gwadawa kake cewa "ba haka suke magana ba"?

Ni abin da nake saurara shi ne ko ɗan wasan ya zaɓi yanki guda ya tsaya a kansa. Ko yana furta r a ƙarshen kalma, ko "three" ɗinsa na karkata zuwa "tree" in ɗan kudu yake kwaikwayo. Wanda ya fara fim da bakin Cork ya ƙare da na Belfast, wannan kam ku caccake shi, ina bayanku.