Idan Injin Jirgin Sama Ya Ƙi Mutuwa, Me Matuƙi Zai Yi?

Wani dattijo mai injin niƙa a ƙauyenmu kusa da Ringim ne ya ɗora mini waɗannan tambayoyi bayan dawowarsa daga aikin Hajji.

Da gaske injin jirgi yana iya ƙin mutuwa?

Ƙwarai kuwa, ko da yake ba kasafai ba. Da zarar injin ya kama, wutar cikinsa ba ta mutuwa muddin mai da iska suna shiga, kamar dai injin niƙa mai shan gas, wanda ba shi da fulogin da za a cire, sai an datse masa mai. Makunnin da ke gaban matuƙi saƙo kawai yake aikawa ta waya zuwa bawul ɗin mai, saboda haka idan wayar ta tsinke ko bawul ya cije, injin zai ci gaba da ruri.

To, me matuƙan suke yi?

Suna bin rubutacciyar ƙa'idar jirgin layi bayan layi. Idan makunnin farko bai yi aiki ba, sai a koma ga madannin gobara na wannan injin, wanda yake rufe bawul ɗin da ke can wajen fiffike. Ko hakan ya yi aiki, injin ba ya mutuwa nan take, sai ya ƙone ragowar man da ke cikin bututu. Idan a ƙasa ake, sai a ɗaure birki, a sanar da hasumiyar filin jirgi, a kuma hana kowa matsowa, domin bakin injin yana iya zuƙe mutum.

An taɓa ganin haka?

A ranar 4 ga Nuwamban 2010, injin na biyu na jirgin kamfanin Qantas samfurin Airbus A380, mai injuna huɗu, ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa daga Singafo, ɗauke da mutum 469, ɓarɓashinsa kuma ya yayyanke wayoyin cikin fiffike. Kyaftin Richard de Crespigny ya sauko da jirgin lafiya, amma injin na ɗaya ya ƙi mutuwa duk da an gwada makunni da madannin gobara. Ga mai yana tsiyaya daga fiffiken hagu, ga birki ya ɗauki zafi. Bai yi gaggawar fitar da mutane ba, domin a lokacin cikin jirgin ya fi wajensa aminci, kuma a ganina wannan ce shawara mafi nauyi da ya yanke a ranar. Fasinjoji suka yi jiran kusan awa guda kafin a sauke su ta matakala a ɓangaren dama. 'Yan kwana-kwana suka yi ta ɗura wa injin ruwa, daga baya kumfa, bai mutu ba sai bayan kimanin awa uku da sauka. Ba wanda ya ji rauni a cikin jirgin.

Me ya sa ba za su yi maza su kashe ba, sai sun tsaya karatu?

Saboda hannu yana iya kai wa ga injin da yake lafiya. A cikin iska, matuƙi ɗaya yana ɗora hannu a kan makunni yana faɗin lambar injin da baki, ba ya motsa shi sai ɗan'uwansa ya duba ya amince. A watan Janairun 1989, a Kegworth ta Ingila, injin hagu na wani jirgin Boeing 737 ya lalace, matuƙan suka kashe na dama, jirgin ya faɗi a gefen babban titi daf da filin sauka, mutum 47 suka rasu.