Waiwaye: Layi biyu a waya, hanya ɗaya zuwa intanet

Tun bayan katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, ake ta muhawara a Kano, daga masu POS na Kantin Kwari har masu gyaran waya na Farm Centre, kan dalilin da ya sa mutum zai sanya layi biyu a wayarsa, ga kuma Wi-Fi a shago, amma da zarar hanya ɗaya ta ɗauke sai tura kuɗi ya tsaya cak. Wannan matsala ta girmi GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001.

A 1981 aka wallafa TCP da IP, ƙa'idojin da na'urori ke bi wajen musayar bayanai a intanet, lokacin da kwamfuta ke zaune wuri guda da igiyarta ɗaya. Saboda haka aka ɗaure kowane haɗi da adireshin intanet na na'urar da aka fara shi da shi, ta yadda in adireshin ya sauya, haɗin ya mutu ke nan.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne an samo maganin tun a Oktoban 2000, da aka fito da ƙa'idar SCTP. Ita tana bari na'ura ta gabatar da adireshi fiye da ɗaya tun a farkon haɗi, tana kuma riƙa aika ɗan saƙon gwaji ta kowace hanya, don idan babbar ta toshe a koma ta biyun ba tare da an sake sallama ba. Sai dai ta zo a makare. Tun a 1994, ƙarancin adireshi ya haifar da dabarar NAT, wadda ke ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma akasarin akwatunan da ke wannan aiki a gidaje da ofisoshi TCP da wata tsohuwar ƙa'ida mai suna UDP kaɗai suka sani; baƙon da ba su gane ba sai su yar da shi. Masu rubuta manhaja suka guje wa SCTP saboda ba ta wucewa, akwatunan kuma ba a koya musu ita ba saboda babu mai amfani da ita. A ganina, a nan aka yi ɓatan kai. Abin mamaki, har yau SCTP ce ke ɗaukar saƙonnin sarrafawa tsakanin turakun 4G da cibiyarsu, amma dabararta ta sauya hanya ba ta isowa hannun mai waya.

Da aka zo 2013 sai aka bi ta bayan gida: Multipath TCP, ƙa'idar da ke bari haɗi ɗaya ya bi hanyoyi da yawa, ta yi shiga irin ta TCP ta yau da kullum don akwatunan su bar ta ta wuce. A wannan shekarar, iPhone ta fara amfani da ita wajen Siri, manhajarta mai amsa umarnin murya, Linux kuma, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, ta shigar da ita a 2020. Sharaɗinta shi ne ɓangarorin biyu, wato wayar da kwamfutar da take magana da ita, su iya ta, wanda kuma bai yawaita ba. Shi ya sa mai POS a Kwari har yanzu da hannu yake sauya layin data, abokin ciniki na tsaye yana jira.