Ba Abinci Ne Ke Cinye Kuɗin Ba'amurke Ba

Ana yawan cewa tsadar abinci ce ke kassara magidanta a Amurka, tunda kuɗin burodi ɗaya can zai sayi da dama a nan Najeriya. Lissafin ba haka yake ba. Cikin kowace dala 100 da iyalin Amurka ke kashewa, kusan 13 kacal ke tafiya wajen ci, har da na gidajen abinci. Muhalli ne ke lashe kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan mota da mai.

A Najeriya kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta gano cewa a 2019 abinci ya haura rabin kashe-kashen gida. Tun 1857 Bajamushe masanin ƙididdiga Ernst Engel ya lura cewa samu na ƙaruwa, kason cefane na raguwa, don ciki dai ba ya faɗaɗa da albashi.