Wa Zai Nuna Wa Ɗalibi Hanyar Aiki? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Malamin Ba Da Shawara A Makarantun Sakkwato

Wata yarinya a unguwarmu tun tana firamare take cewa aikin jinya za ta yi. Da ta shiga babbar sakandare ajin kimiyya ya cika, aka tura ta ajin adabi, ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata komai. Sai ranar da yayanta ya kai ta cike fom ɗin JAMB, mai kwamfuta ya duba takardunta ya ce, "Ɗiyata, ina fiziks da kemistiri?" A kan bencin ƙofar shagon ta zauna tana kuka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Wane ne malamin ba da shawara, kuma me yake yi?

Malami ne da aka ware domin ya san ɗalibi ɗaya bayan ɗaya: abin da kansa ke ja, abin da hannunsa ya iya, da halin da gidansu ke ciki. Aikinsa kashi uku ne: shawara kan karatu, kan sana'a, da kan damuwar yaro ta kansa. Lokacin da aka fi bukatarsa shi ne aji uku na ƙaramar sakandare, domin a nan hanya ke rabuwa zuwa kimiyya, adabi, kasuwanci ko makarantar fasaha. Kuskuren da aka yi a wannan mararraba ba ya bayyana sai bayan shekara uku.

Sabon abu ne a Najeriya?

A'a. Tun 1959 wasu malamai mata 'yan mishan a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu, daga nan ake ƙirga farkonsa. Ƙungiyar masu wannan aiki, wadda yanzu ake kira CASSON, ta kafu a 1976, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a samar da su a makarantun gaba da firamare.

Wane karatu mutum zai yi kafin ya riƙe wannan ofis?

Hanyar da aka fi bi ita ce digiri a fannin jagoranci da ba da shawara daga tsangayar ilimi. Wanda ya karanta wani abu dabam yakan yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, sannan ya ɗora digiri na biyu a fannin. Ba sai an bar gari ba, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana koyar da shi a matakin digiri na biyu da na uku. A ciki ana koyon halayyar ɗan Adam da yadda yaro ke girma, yadda ake sauraron mutum ba tare da an katse shi ba, yadda ake gwada basira da sha'awa a fassara sakamakon, da riƙe sirri. Akwai kuma gwajin aiki, inda ɗalibin zai zauna a wata makaranta yana ganin yara na gaske, malaminsa na sa masa ido. Ni a ganina wannan ne zuciyar horon, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

To shaidar ƙwarewa fa, wa ke bayarwa?

A matsayinsa na malami dole ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ya ci jarrabawarta ya karɓi lasisi. A 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta tanadi majalisa ta musamman mai yi wa masu aikin ba da shawara rajista, da tsawata wa wanda ya saɓa ƙa'ida. Amfanin lasisi a nan a fili yake: mutumin da yarinya za ta gaya wa abin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, ya kamata a ce akwai inda za a kai ƙararsa idan ya ci amana.

Idan ya samu takardun, shi ke nan ya iya?

Ina! Takarda na koya maka yadda za ka saurari yaro, amma ba ta gaya maka abin da ke kawo kuɗi a Sakkwato bana. Ka tambayi aji guda, "Mi kuka son zama?" Rabi za su ce likita, saura lauya ko soja, domin su kaɗai suka taɓa gani da mota. Malamin da ya san garinsa zai faɗaɗa masu ido. Zai gaya masu cewa masana'antar siminti ta Kalambaina na bukatar masu gyaran injina da masu aikin lantarki, kuma ana koyon waɗannan a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Zai nuna masu cewa jar akuyarmu, wadda fatarta ta yi suna har Turai, tana buɗe ƙofa daga likitan dabbobi zuwa jima da dukanci. Zai yi zancen albasa da tafarnuwar da ake lodi zuwa Kudu, da asarar da manomi ke yi saboda rashin wurin adana mai kyau, wanda shi kansa aiki ne ga mai ilimi. Zai ambaci kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa ga wanda makinsa bai kai na likitanci ba.

Kuma ƙa'idoji na sauyawa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, ta rage darussan sana'a daga fiye da talatin zuwa shida, ciki har da haɗa sola, ɗinki, kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Wanda ya gama karatu shekara goma da suka wuce, in ba a kira shi bita ba, da tsohon labari zai yi ta aiki. Don haka nake ganin bai kamata a sabunta wa kowa lasisi ba sai ya nuna bitar da ya halarta, ya kuma nuna cewa ya taka da ƙafarsa zuwa gareji, gona, asibiti da kasuwa ya ga aikin.

Dattijon malami mai gogewa ba zai iya ba ko babu horo?

Zai iya yin nasiha, kuma nasiharsa na da daraja. Amma nasiha dabam, sanin cewa kwas kaza na son kiredit biyar har da Turanci da lissafi dabam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ba mai bulala ofishin. Yaron da ka zane da safe ba zai zo da rana ya buɗe maka cikinsa ba. Idan makaranta ba ta da ƙwararre, a zaɓi malamin da yara ke sakewa da shi, a rage masa darussa, a tura shi karatun.

Ina matsayin iyaye?

A wurinmu yaro ba ya yanke hukunci shi kaɗai, saboda haka horon da bai koya wa malami zama da uba ba, bai cika ba. Sai ya iya gaisawa, ya ce, "Alhaji, ɗiyarka tana da kai, kuma asibitocinmu na ƙauye na neman ungozoma mace," ya kawo sunan makarantar da tsawon karatun. Makarantun 'yan mata kuwa mace suke bukata a wannan kujera. Masu fitowa daga makarantun Arabiyya da shaidar NBAIS, hukumar jarrabawar Arabiyya da ilimin addinin Musulunci, su ma suna da haƙƙin a gaya masu kwasa-kwasan da takardarsu ke buɗewa.

Me zan tambaya idan na je makarantar ɗana?

Ka ce a nuna maka malamin ba da shawara. Ka tambayi abin da ya karanta, ko yana da ɗaki mai ƙofa inda yaro zai yi magana ba a ji ba, da kuma ranar da zai zauna da 'yan aji uku kafin a raba su. Idan an sa ranar, ka roƙi a bar ka ka zo.