Auna Tasirin Tallafin Gwamnati a kan Yawon Buɗe Ido

Tallafin yawon buɗe ido shi ne kuɗi ko rangwamen da gwamnati ke bayarwa domin jawo baƙi zuwa wani wuri, ko dai ta rage wa matafiyi kuɗin mota da masauki, ko ta sassauta wa masu otal haraji, ko kuma ta gyara wuraren tarihi irin su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano. Shirin Go To Travel da Japan ta fara a watan Yulin 2020, lokacin annobar korona, misali ne na nau'in farko.

Ƙaruwar baƙi bayan an ba da tallafi ba ta isa hujjar cewa tallafin ne ya kawo su ba. Tambayar da masana tattalin arziki ke yi ita ce: da ba a bayar ba, mutum nawa ne za su zo? Wanda ya saba zuwa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu kowace Sallah zai zo ko da rangwame ko babu, saboda haka abin da aka kashe a kansa bai ƙaro kowa ba. Shi ya sa ake kwatanta garin da ya samu tallafi da makamancinsa da bai samu ba, kafin shirin da bayansa. Idan Kano ake aunawa, Katsina da Zariya sun dace a kwatanta ta da su, tun da su ma suna hawan Sallah. Ta haka ne ake ware tasirin abubuwan da suka shafi kowa, kamar cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya tsadar da tafiya a duk faɗin Najeriya. Abin da ya shafi gari ɗaya kuwa, kamar shigar da hawan Kano cikin jerin al'adun gado na UNESCO a Disambar 2024, sai an lissafta shi daban.

Ƙarfin gogayyar wuri, wato yadda yake iya gasa da wasu wurare wajen jawo baƙi, ya fi wuyar awo, domin ya haɗa farashi da tsaro da hanyoyi da zirga-zirgar jirage. Ma'aunin wannan gogayya da Dandalin Tattalin Arzikin Duniya ya fara fitarwa a 2007 ƙasashe ya riƙa jerawa, ba birane ba.

Babban cikas a Kano shi ne ƙidaya. Baƙi da yawa a gidajen 'yan'uwa suke sauka, rajistar otal ba ta san da su ba, kuma ɗan kasuwar da ya zo sari Kantin Kwari ya biya ta Dutsen Dala ba a cika rarrabe shi da ɗan yawon buɗe ido ba.